Ranar Girkina

A gidan Bahaushe mai mace fiye da ɗaya, idan aka ce yau wance ce da girki, babu babban da zai tsaya neman ƙarin bayani. Yara suna ɗauka maganar tukunya ake yi, manya kuwa sun san cewa wadda ta ɗora tukunyar ita ce za ta kai abinci turaka bayan sallar isha'i, kuma ba za a sake ganinta a tsakar gida ba sai da asuba. Kalma ɗaya aka ɗora wa kaya biyu, saboda kunya ta hana a kira na biyun da sunansa. Na yi shekara 29 a gidan aure, 12 ni kaɗai, 17 tare da abokiyar zama, kuma sai bayan da aka ɗauki mijina zuwa makwancinsa na gane cewa kusan duk maganar da ta taɓa shiga tsakanina da shi, mai daɗi da marar daɗi, ta cikin kwanon abinci ta bi. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan, ko da yake akwai wuraren da har yanzu nake jin nauyin faɗa.

A hannun kakata ta wajen uwa na tashi, a wata unguwa ta cikin birnin Kano da ba ta da nisa da kasuwar Kurmi. Iya muke kiranta, kuma sana'arta daddawa. Duk wanda bai taɓa zama a gidan da ake daddawa ba, ba zai san irin haƙurin da ke cikin ɗan baƙin abin nan da ake jefawa a miya ba. Kalwa ake samowa daga 'ya'yan ɗorawa, a dafa ta yini guda cur har ɓawonta ya yi laushi, a surfa, a wanke, a sake mayar da ita wuta, sannan a zuba a kwando a lulluɓe ta da ganye da tsumma, a bar ta kwana biyu ko uku cikin ɗumi har ta ruɓa. A waɗannan kwanakin warin yakan cika gidan, ya shiga tufafi, ya shiga gashin kai, har 'yan makarantar allo suna toshe hanci idan na zauna kusa da su. Na yi kuka a kan wannan ba sau ɗaya ba. Iya kuwa takan buɗe kwandon ta sunkuya ta shaƙa, ta lumshe ido kamar wadda aka miƙa wa turare, ta ce saura rabin yini. Da hanci take auna komai, kuma ban taɓa ganin ta yi kuskure ba.

Ita ta koya mini tuwo tun muciya tana fin ƙarfina. Ta nuna mini yadda ake talge a bar shi ya nuna sosai kafin a zuba gari, yadda ake tuƙi daga ƙasan tukunya don kada ya yi gudaji, da yadda ake rufe shi ya sulala kafin a kawo mara a kwashe. Ta nuna mini cewa kukar da aka shanya a inuwa ta fi wadda rana ta ƙona kore da ƙamshi, kuma ana barbaɗa ta ne da hannu ɗaya ana kaɗawa da maburgi da ɗayan, ba a juye ta gaba ɗaya. Amma dokar da ta fi tsanantawa a kai ba ta shafi gari ko kuka ba. Idan ta ga na zo bakin murhu fuska a murtuke, sai ta karɓe muciyar ta ce in je in wanke fuskata in dawo, domin a cewarta hannu yana da baki, kuma abin da zuciya ta ɓoye shi yake zuwa ya faɗa wa tukunya. A lokacin na ɗauki wannan a matsayin irin camfin tsofaffi, kamar hana shara da dare.

An ɗaura mini aure a bazarar 1991, ina da shekara 19. Malam, kamar yadda na kira shi har ƙarshen rayuwarsa, hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Dawanau, kuma mutum ne da za a iya ƙirga kalmominsa na yini guda. Ba shi da faɗa, ba shi da zafi, amma ba shi da hira. A kwana bakwai na farko, lokacin da abinci yake zuwa mana daga gidan iyayensa, ban ji ya haɗa jimla uku a jere ba, har na fara tunanin ko dole aka yi masa. Da ranar kama girkina ta zo, gwaggonnina suka so in yi shinkafa da miyar kaji kamar yadda amare suke yi don burgewa, ni kuwa na ce tuwon dawa da miyar kuka zan yi, don shi na fi amincewa da hannuna a kai. Na ɗauko daddawar Iya da ta sako mini cikin kayan gara, na daka ta da citta da masoro da ɗan barkono, na dafa ƙashi har ya saki, na kaɗa miyar, sannan a ƙarshe na toya man shanu da albasa har albasar ta yi ja, na zuba a ɗan ƙaramin kwano daban.

Ina iya tuna daren nan kamar jiya. An ɗauke wuta, zafi ya hana kowa sakat, fitilar ƙwai ce kawai a ɗakin. Na durƙusa na zuba masa ruwa ya wanke hannu, na buɗe kwanon, na koma gefe na zauna ina wasa da bakin zanena. Ya gutsuri tuwon ya murza shi tsakanin yatsunsa kafin ya kai miya, ya ce wannan kaura ce, ta bara, kuma an surfa ta da kyau. Ya kai loma ta farko, ya kai ta biyu, ya tsiyaya man shanun, ya ci gaba. Ina satar kallonsa na ga gumi ya tsattsafo masa a karan hanci, ya tura hularsa baya, ya gyara zama ya miƙe ƙafa ɗaya. Can, babu wanda ya tambaye shi komai, sai ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin ya ce, "Anya kuwa a duk ƙasar nan akwai garin da ya kai Kano iska mai daɗi?" A watan Afrilu ake wannan magana, ganye ko ɗaya ba ya motsi. Dariya ta kufce mini, na toshe baki da mayafi, shi ma ya gane santi ya yi, ya sunkuyar da kai yana murmushi. A daren nan ne muka fara hira ta gaskiya, kuma abin da ya biyo bayan hirar na bar wa ɗakin sirrinsa.

Mutane suna ɗaukar santi abin dariya ne kawai, abin da ake tsokanar yaro ko baƙo da shi, a ce a kawo masa waigi. A wurina ya zama wani abu daban, domin shi ne ƙofa ɗaya tilo da Malam yake buɗewa. Mutumin da kunya da tarbiyya ba za su bar shi ya dubi matarsa ya ce yana sonta ba, shi ne zai kai loma ta biyar ya ce lallai gidan nan yana bukatar sabon fenti, ko ya ce ya lura mahaifina mutumin kirki ne. Keken ɗinkina a cikin santi aka yi mini alkawarinsa, kuma aka cika. Na koyi sauraron waɗannan maganganu marasa kan gado kamar yadda wata take sauraron waƙar da aka yi mata.

Daga nan yinina ya samu tsari wanda ni kaɗai na san ma'anarsa. Da la'asar nake ɗora tukunya, kafin magariba na kwashe, sannan in shiga wanka, domin Iya ta gargaɗe ni cewa ƙamshin miya a kwano yake da kyau, ba a jikin mace ba. In goge warin hayaƙi da albasa, in tsuguna a kan kasko turaren wuta ya shiga zanena, in shafa humrar da wata maƙwabciyarmu 'yar Maiduguri take haɗa mini, sannan in ɗauki kwanukan. Saboda haka ƙamshi biyu ne suke shiga turaka tare, na man shanu a hannuna da na turare a jikina, kuma ina jin har ya rasu bai iya raba su a ransa ba. Sai da muka shekara kafin ya ce in sa hannu mu ci tare, abin da ban taɓa ganin uwata ta yi da ubana ba. Yakan tura tsokar da ta fi laushi zuwa gefena da bayan yatsa, ba tare da ya dube ni ba, ni kuma in yi kamar ban gani ba, in bar ta sai can ƙarshe. Wani lokaci yatsunmu su haɗu a cikin miya, babu mai janyewa da sauri. Da na ji a makarantar Islamiyya hadisin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda a cikinsa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mutum yana samun lada har a kan lomar da ya sa a bakin matarsa, sai na ji kamar an leƙa ɗakinmu.

A 2003 ya ƙara aure. Ya sanar da ni yadda ya kamata, ya yi mini kayan faɗar kishiya, ni kuma na yi abin da ake so uwargida ta yi, na yi murmushi har muƙamuƙina suka gaji. Yarinya ce 'yar Zariya, mai ladabi, tun ranar farko Yaya take kirana. Da yake budurwa ce kwana bakwai aka ba ta kamar yadda shari'a ta tsara, ni ce kuma na riƙa dafa musu abinci a kwanakin, ina aikawa ana dawo mini da kwano. Wannan bai karya ni ba. Aka raba mana kwana bibbiyu, na karɓa. Abin da ya karya ni ya zo ne wata guda bayan haka, ranar girkinta, da ta yi faten tsaki da rama da gyaɗa irin na mutanen Zazzau. Na fito zan ɗauki buta, tagar turaka a buɗe, sai na ji muryarsa a sake, cikin irin sautin da na sani sarai, yana cewa, "Ashe dai Zariya ba ta da wani nisa, mutum zai iya zuwa ya dawo kafin azahar." Na ji ta yi dariya ƙasa-ƙasa, irin dariyar da na yi shekara 12 da suka wuce. Na koma ɗaki ba tare da butar ba. Na yarda a raba kwana, na yarda a raba cefane, amma ban taɓa kawo wa raina cewa santin ma rabawa za a yi ba.

An ce kishi kumallon mata, nawa kuwa a tukunya na amayar da shi. Shekara kusan biyu muka yi muna yaƙi ba tare da an taɓa jin muryarmu ba. Idan ta yi funkaso da miyar taushe, washegarin karɓar girkina sai na yi waina da sinasir da farfesun kan rago, ko da kuɗin adashina ne. Na riƙa cika mai, ina ninka dunƙule, ina duba kwanon da ya fito daga turaka ranar girkinta don in ga yawan abin da ya rage. Abincina ya yi nauyi, ya yi ado, amma santin ya ragu, domin wanda ake kallon bakinsa ana ƙirga masa loma ba ya sakewa. Malamarmu ta taɓa karanta mana labarin ranar da wata daga cikin matan Annabi ta aiko da abinci ɗakin da yake, mai ɗakin ta bugi hannun ɗan aiken akushin ya faɗi ya fashe, shi kuwa ya tattara abincin yana cewa mahaifiyarku ta yi kishi, sannan ya mayar da lafiyayyen akushi a madadin fasasshen. Matan ajin suka yi ta dariya, ni kuwa na ji sanyi a raina cewa ciwon nan ya taɓa waɗanda suka fi ni. Sai dai ita a fili ta fasa nata, aka biya, aka wuce wurin. Ni nawa a ɓoye na yi, kuma ya fi muni.

Akwai wata dillaliya da take shigo mana da atamfa da kayan mata. A wurinta nake sayen gumba da tsimi da haɗin dabino da aya da kwakwa, waɗanda ban ga laifinsu ba har yau, abinci ne, kuma mace tana da haƙƙin gyara kanta. Ita ce ta karanci fuskata wata rana, ta rage murya ta ce akwai wani gari da ake kawo mata, a barbaɗa a miya sau uku, namiji ba zai ƙara jin daɗin abincin wata ba. Na ce a'uzubillahi, ta yi dariya ta tafi. Bayan mako biyu ni na aika a kira ta. Na sayar da 'yan kunnena na ba ta kuɗin, ta ba ni ƙulli a leda baƙa, wanda bai fi cikin cokali biyu ba. Ranar girkina na kaɗa miyar kuka irin ta daren farko, na kori yara daga kicin, na tsaya a kan tukunyar hannuna yana rawa. Zan so in rubuta cewa na tuna Allah na zubar da shi a masai, amma ba haka aka yi ba. Na zuba kashi ɗaya cikin uku, na juya, na yi wanka, na yi turare, na ɗauka na kai masa.

Ya wanke hannu, ya kai loma ɗaya, ya tsaya. Ya kai ta biyu da ta uku a hankali, sannan ya janye hannunsa ya ce, "Yau miyar nan ba taki ba ce." Malam bai taɓa kushe abinci ba, yana riƙe da sunnar nan ta cewa in ka so ka ci, in ba ka so ka bari, don haka wannan ita ce magana mafi nauyi da ya taɓa faɗa mini. Na ce wataƙila kukar ce ta tsufa. Bai amsa ba, ya sha ruwa, ya juya ya kwanta yana fuskantar bango, ni kuma na kwana zaune ina sauraron numfashinsa, ina tsoron kada abin da na ba shi ya zama guba, domin ban san ko mene ne a cikin ƙullin ba, kuma na tabbata ita ma dillaliyar ba ta sani ba. Da asuba na zubar da sauran, na yi sallah na yi kukan da ban yi ba ranar da aka kawo amarya. Ko garin ne yake da ɗaci, ko hannuna ne ya je ya faɗa wa tukunya kamar yadda Iya take cewa, wannan ban tsaya bincike ba. Na dai san cewa wata shida suka wuce kafin ya sake tura mini tsoka.

Abin da ya sulhunta ni da amarya ciwo ne. A 2012 Malam ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, aka auna aka ce hawan jini ne mai tsanani. Likita ya tara mu mu biyu ya ce gishirin da babban mutum zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda yake cikin dunƙule da burodi, ga kuma batun rage mai da kitse. Muka dubi juna, domin mu biyun mun san irin abin da muka yi shekaru muna ɗura masa don gasa. Makonnin farko abincin ya zama kamar na hukunci, yana ci ne kawai don ya sha magani, har ya fara ramewa. A nan na koma wa ilimin Iya. Daddawa mai kyau, idan ta ruɓa yadda ya kamata, tana ba miya irin zaƙin naman nan da ake nema a dunƙule, sai na ƙara yawanta na rage gishiri. Na riƙa gasa tattasai da albasa a kan gawayi kafin in markaɗa, ina daka busasshen kifi da ƙashinsa, ina ƙara citta da tafarnuwa da kanumfari da kimba. Amarya ta kawo nata sanin, cewa ɗan tsamin yakuwa ko na tsamiya yana sa harshe ya manta da ƙarancin gishiri. Muka fara shiga kicin tare ko ranar girkin wace ce, tana ɗanɗana nawa ina ɗanɗana nata a tafin hannu. Ranar da ya sake yin santi, bayan wata uku, a kan miyar da mu biyu muka haɗa ne, kuma muna fita muka tafa kamar yara.

A cikin wannan jinyar ne na faɗa masa maganar ƙullin, wani dare ina matsa masa ƙafa da man zafi. Na faɗa ina kallon ƙafar, ban iya ɗaga kai ba. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce ya sani tun a lomar farko, kuma ya ƙara biyu ne don kada in ce ya ƙi abincina. Ya ce ya yafe tun a daren, abin da ya ɗauke shi wata shida shi ne ya daina jin tsoron kwanona.

A tsakiyar watan Afrilun 2020 aka sa dokar kulle a Kano saboda cutar korona, kuma duk wanda yake garin a lokacin ya san yadda dattawa suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, har masu haƙar kabari suka gaji. Zazzaɓi ya kama Malam kwana kaɗan kafin azumi, wanda aka fara ranar 24 ga watan. Asibitoci da yawa ba sa karɓar marasa lafiya, muka yi ta jinya a gida. Daren uku ga azumi girkina ne, na dama masa kunun gyaɗa mai ɗan tsami yadda yake so, na tallafo kansa ina ba shi da cokali. Ya sha uku ko huɗu, ya dube ni ya ce, "Ki yi haƙuri, na san ya yi daɗi, amma ba na jin komai a bakina." Washegari da hantsi ya cika. Mutane ƙalilan ne suka raka shi, babu zaman makoki, babu maƙwabtan da za su shigo da kwanukan abinci kamar yadda aka saba.

Kwana biyu bayan haka ni ma na wayi gari ba na jin ƙamshin komai. Na buɗe kwalbar humra na kai hanci, kamar ruwa. Na ɗauko rigarsa da ke rataye a bayan ƙofa, wadda na san tana ɗauke da warin buhun hatsi da turarensa da guminsa, na cusa fuskata a ciki, ban ji komai ba, kuma wannan ya fi mini ranar rasuwar ciwo, domin na san kafin hancina ya dawo ƙamshin zai bar rigar. 'Yata da take aikin jinya ta yi mini bayani ta waya cewa ɗaukewar jin ƙamshi tana cikin alamomin cutar, kuma yawancin abin da muke kira ɗanɗano hanci ne yake jin sa, harshe iyakarsa zaƙi da tsami da ɗaci da gishiri da ɗan abin da ba a rasa ba. Na gode mata, amma a raina na ɗauka cewa an ɗauke abin ne saboda wanda ake yi dominsa ya tafi. Takaba wata huɗu da kwana goma ce, babu ado, babu turare, babu lalle, kuma ni ban ma ji an hana ni komai ba. Na daina shiga kicin. Ƙaramar salla ta zo ta wuce, babbar salla ta zo a ƙarshen Yuli, yara suka yi layya suka soya nama a tsakar gida, ina zaune a ƙofar ɗaki hayaƙin yana wuce ni kamar hazo.

Amarya, wadda ita ma takabar take yi, ita ta riƙe gidan. Kullum da dare takan kawo kwano ɗaya ɗakina ta zauna ta ce ba za ta ci ba sai na sa hannu. A irin wannan zama ne, ruwan Agusta yana zuba a kan kwanon rufi, ta faɗa mini abin da ta riƙe shekara 17. Ta ce a watanta na farko ta yi masa miyar kuka, ya ci ya yi shiru, da ta matsa masa sai ya ce ta yi kyau, amma ta je wurin Yayarta ta ga yadda take yi da daddawa. Ta ce ta yi kuka a daren, ta rantse ba za ta ƙara kaɗa kuka a gidan ba, shi ya sa ta koma wa fate, abin da ta san ban iya ba. Sai a lokacin na lura cewa lallai ban taɓa ganin ta yi miyar kuka ranar girkinta ba. Na ba ta labarin taga da buta da nisan Zariya. Ta riƙe baki, muka yi dariya har ta koma kuka, muka bar tuwon ya huce.

Mun fita takaba a farkon Satumba. Bayan kamar mako guda, da la'asar, ina kwance sai na ji wani abu ya taɓa can cikin hancina, siriri, kamar ana kiran sunana daga nesa. Na tashi zaune. Albasa ce take ja a cikin man shanu. Na fito ba ko ɗankwali, na tarar da amarya a bakin murhu, na tsaya a kanta ina shaƙa, hawaye yana zuba, ita kuma ta dube ni ba ta ce komai ba, ta miƙo mini maburgi. Na daka daddawa, na kaɗa kuka, na tuƙa tuwon kaura, kuma sai da na gama kwashewa na ga cewa malmalar farko, mafi kyau, a kwanonsa na sa ta, har na rufe da faifai. Muka ba almajirin gidan wannan kwanon, muka zauna a tabarma da namu. Ta kai loma, ta tauna a hankali, ta kai ta biyu, sannan ta ce, "Yaya, miya ta yi, amma yanzu kuma wa kike rage wa gishiri?" Na ce ta miƙo mini robar, tana nan bayanta a kan turmi. Ta miƙo, na buɗe, na ɗebo da yatsu uku, na tsaya da shi a kan kwanon na ɗan lokaci, sannan na barbaɗa a gefenta kawai.